Ramin Manyan Baƙi

Idan ka shiga harabar kamfanin man, bayan masu gadi sun gama jujjuya ka kamar sun kama ɓarawo, abin da zai fara dukan idonka ciyawa ce. Koriya shar, an aske ta daidai wa daida, ko tsinke babu a kanta. Can baya tankuna ne da bututu da doguwar wutar nan ta iskar gas wadda ba ta mutuwa, amma a gaba sai ka rantse gidan hutu ka shigo. To ciyawar nan aikin mutum ɗaya ce, wani dattijo siriri mai ɗan doro wanda kowa ke kira Baba Lambu, har waɗanda suka girme shi.

A lambu ya buɗe ido. Mahaifinsa mai noman rani ne a bakin rafi, mutum mai zafin hannu, wanda in ya ga ka fizgi dashe da ƙarfi sai ka ji dundu kafin ka ji faɗa. A wurinsa ya koyi yadda ake tono saiwa ba tare da ta tsinke ba, da yadda ake danna ƙasa da tafin hannu a gindin sabon dashe. Da tsohon ya rasu, gari ya matso ya haɗiye lambun, aka yi gidaje a wurin. Abin da ya rage masa sai hannunsa da ƙanwarsa, wadda duk gidan ke kira Auta. Shi ya riƙe ta, shi ya aurar da ita. Da cirar ciyawa ta yini ya fara a kamfanin, har aka ga aikinsa aka ba shi koren kaki da katin shiga.

Ba mai yawan magana ba ne da mutane. Da shuka kuwa, tabɗi! Ka same shi da safe yana wa fulawa faɗa don ta langwaɓe, ko yana zagin tiyo don ya nannaɗe. Abu ɗaya ke sa shi ɗaga murya, wato a taka masa ciyawa. Ya taɓa korar wani babban injiniya da tsintsiya, sai daga baya aka gaya masa ko wane ne, ya yini yana gumi.

Baba Lambu a ƙarƙashin sashen kula da muhalli da jama'a yake, kuma shugabar sashen wata mace ce da ake kira Madam kawai. Kada a ɗauki alhakinta, matar nan tana aiki. Ta haƙa rijiyoyin burtsatse a unguwannin da ke bayan katanga, wasu har yau suna ba da ruwa. Ta kai kujeru makarantu, ta sa an gyara rufin asibitin haihuwa. Sai dai kamfanin mai ne, hayaƙinsa kowa na shaƙa, don haka duk alherin da aka yi dole a ɗauke shi hoto a nuna wa duniya. Hoton da aka fi so kuwa shi ne na babban baƙo yana dasa bishiya.

Wuri ɗaya ne tak a harabar da hoton ke fita yadda ake so: gaban ƙofar gilashi, inda tambarin kamfani ke bayanka, wutar gas kuma ta ɓuya a bayan gini. Matsalar ita ce ƙarƙashin wurin nan bututu ne da wayoyin wuta a shimfiɗe. Injiniyoyi suka ce ko kusa, saiwar bishiya ba za ta sauka a nan ba. Sai aka yi dabara. Aka yanka duro biyu, aka binne rabi, aka yi masa murfi da ciyawa a kai. Ranar da za a yi baƙo, Baba Lambu zai ɗage murfin, ya zura dashe da ledarsa, ya tara ƙasa mai laushi a gefe. Baƙo ya zo, a miƙa masa shebur mai ƙyalli da koren ƙyalle a ɗaure, ya watsa ƙasa, ya zuba ruwa, a kafa ɗan allo mai sunansa, a tafa. Da an shige cin abinci, Baba Lambu ya zare dashen, ya mayar da murfi, allon kuma ya tafi sito wajen 'yan'uwansa. Wai ana dasa madadin kowace a wani fili bayan gari. Mai yiwuwa gaskiya ne, shi dai bai taɓa ganin filin ba.

Akwai wata gwaba da ta sha hannun manya har ma'aikata ke cewa ta fi Madam sanin kyamara.

Da farko abin dariya ya ɗauke shi, kuma ba wanda ya kai Mai Walda dariyar. Mai Walda shi ne mijin Auta. Baba Lambu ne ya yi masa hanya ya shigo kamfanin, kuma shi ɗin ne ya yanka duron da hannunsa. Ƙato ne mai faɗin baki, ga tsokana. In ya hango surukinsa ya rungumo dashe zai koma da shi sito, sai ya ɗage gilashin waldarsa ya ƙwala masa kira.

"Yaya! Yau ma an tashi gawar?"

"Kai dai Allah ya shirye ka."

"Wallahi bishiyar nan ta fi ni yawo. Ka nema mata katin aiki mana!"

Abu ɗaya Baba Lambu ya roƙe shi, kada zancen ramin ya je gida. Kunya yake ji a ce ɗan mai lambun bakin rafi ne ke dashen ƙarya. Mai Walda ya yi dariya har da buga cinya, amma ya riƙe alkawari. Auta ba ta taɓa ji ba.

Wata ranar aiki da hantsi aka tura Mai Walda ya yi gyara a jikin wani tanki da aka ce an wanke shi tas. Ba a wanke shi tas ba. Baba Lambu na ban ruwa ya ji ƙarar, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarsa, tiyon ya suɓuce. Shi ya kai wa Auta labarin rasuwar, tana zaune tana shayar da jaririyarta. Har yau in ya tuna yadda ta ɗago tana murmushi ta ce "Yaya, yau da wuri haka?" sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna. Shi ya kai Mai Walda kamfanin nan, wannan kuwa ba wanda ya taɓa faɗa masa, shi ke faɗa wa kansa.

Kamfani ya yi abin da doka ta ce, har da ɗan ƙari. Bayan Auta ta fita takaba, Madam ta ce za a dasa bishiya don tunawa da marigayin, kuma matarsa ce za ta dasa. Baba Lambu da kansa ya zaɓo dashen, mangwaro mai aure, don Mai Walda in ya zauna wa mangwaro sai ya ga ƙarshen kwando.

Auta ta zo da 'yar a goye. Aka miƙa mata shebur mai ƙyalli, ta karɓa ta jingine shi gefe, ta durƙusa. Da hannu ta tura ƙasar, ta danna ta da tafi kamar yadda ta ga mahaifinsu na yi. Ba ta lura da bakin duron ba, don wanta ya rufe shi da kyau, ai gwani ne. Mai hoto na ta zagaya ta, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Allah ka raya ta," in ji ta. "Ta yi inuwa. Duk wanda ya zauna a ƙarƙashinta, ko ya sha ɗanta, Allah ka kai masa ladan."

Madam ta yi kuka, kuma kukan gaskiya ne. Shi kuwa Baba Lambu ya rantse a ransa cewa wannan kam ba mai taɓa ta.

Ta ɗan kwana biyu a wurin. Sai ga sanarwa cewa masu banki za su zo. Mataimakin Madam ya leƙo sito ya ce, "Baba, a shirya rami." Haka kawai, kamar yadda ya saba faɗa. Baba Lambu ya tsaya riƙe da almakashi, bakinsa ya cika da magana. Ya haɗiye ta. Ya je ya zare mangwaron, ya kai shi bayan sito, ya sa shi a ɗaya rabin duron da Mai Walda ya yanka, wanda ke yashe a wurin tun tuni.

Ya dai yi wa Madam magana sau ɗaya, a bakin mota. Ta dafe goshi. "Wayyo Baba, wallahi na sha'afa. Ka san ba a haƙa rami a harabar nan sai injiniyoyi sun yarda. Ka tuna mini, za mu nema mata wuri a filin bayan gari." Bai tuna mata ba. Ya ce wa kansa a can awaki za su cinye ta. Ya ce wa kansa fitar da kayan kamfani ta ƙofa sai da izini, izini kuma wahala. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Dalilin shi ne in ya ɗauki mangwaron nan ya kai wa Auta, dole ya buɗe baki ya ce mata an tumɓuke, kuma shi ya tumɓuke. Tsoron idonta yake ji, shi ke nan.

Duk ranar hutu yakan je gidanta. Ɗaki biyu ne a gidan haya, keken ɗinkinta a bakin taga, don da ɗinki take riƙe kanta. Za ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, a gaisa, a tambayi mutanen gida. Sannan ta ce:

"Yaya, ya bishiyar?"

Ran farko cewa ya yi, "Tana nan lafiya." Wannan ba ƙarya ba ce. Amma mutum ba ya shekara yana cewa tana nan lafiya. Auta ba ta da katin shiga, kuma ba a ɗaukar hoto a harabar sai mai hoton kamfani, don haka idonta a bakin wanta yake. Sai bishiya ta fara girma a bakinsa. Ta kai ƙugu. Ta kai kafaɗa. Ta wuce shi. Da ya ga yadda fuskarta ke washewa, sai ya ƙara mata reshe.

Wata rana, 'yar ta fara tafiya ke nan, ya tarar da wani ɗan dashen mangwaro a gwangwani a bakin ƙofa.

"Maƙwabciya ce ta ba ni," in ji Auta. "Mai gidan hayar nan ya ce in ina so in dasa a ƙofar gida, wajen da masu jiran mota ke tsayuwa. Na ce ko in dasa wa marigayi wata a nan, Yaya? In riƙa ganinta."

Ga ƙofa Allah ya buɗe masa, wallahi a buɗe take. Da ya ce "dasa", da an wuce wurin. Amma sai ya ji kamar ta gano shi, kamar gwangwanin nan tuhumarsa yake. Kunya ta juye ta zama faɗa.

"Me za ki yi da wata? Ga tasa can a hannuna, ina ba ta taki da ruwan kamfani. Ko kina ganin ban iya ba ne?"

"Haba Yaya, ni na isa? Yi haƙuri."

Ta mayar wa maƙwabciya da gwangwaninta.

Daga nan kuma ƙarya ta zama aiki na biyu. Akwai wata tsohuwar darbejiya a inda direbobi ke ajiye motoci, wadda ta girmi kamfanin kansa. Duk abin da ya gani a ƙarƙashinta sai ya kwaso ya ɗora wa mangwaron. Direbobi sun sa benci. Wani ya yi barci har aka tafi aka bar shi. Masu shara a nan suke cin abincin rana, har suna faɗa a kan wuri. Auta takan tsayar da keke ta saurara, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka ga yana kwance ana ta aika masa lada." Ranar da ciwon rashin ya taso mata, da kanta take cewa, "Ba ni labarin masu barcin nan, Yaya." Ya ba ta, ta yi dariya tana share ido. Shi kuma ya fito yana jin kamar ya ci bashin mamaci da bakinsa.

Sai shekarun da ya kamata bishiyar ta yi 'ya'ya suka zo. Ita 'yar mai lambu ce, ta san lokacin da mangwaro mai aure ke fara haihuwa. Ta ce, "Bana kam ya ci a ce ta yi." To me zai ce? Ya bi ta kasuwa, ya zaɓi masu kyau, har da neman masu ɗan ganye a jiki don su yi kama da sabon tsinka. Auta ta karɓa da hannu biyu. Ko ɗaya ba ta sha ba sai da ta wanke ta raba wa maƙwabta, gida gida, tana cewa a yi wa mai bishiyar addu'a. Tun daga nan duk shekara sai ya kai.

Matarsa ce kaɗai ta gane, ita kuwa ba ta da birki a baki. Ta gan shi yana juye mangwaro daga ledar kasuwa zuwa buhun taki na kamfani, ta riƙe haɓa.

"Malam, bishiyar nan taku a kasuwa take haihuwa?"

"Ki yi abin da ke gabanki."

"Ai shi nake yi, kai ne a gabana. Wallahi ka gaya wa yarinyar nan gaskiya. Auta ce fa, ba hukuma ba."

"Zan gaya mata."

"Yaushe?"

Ya ɗauki buhunsa ya fita. Shekara da shekaru ya yi yana wannan "zan gaya mata".

Mangwaron gaskiya kuwa yana nan bayan sito, bai mutu ba. Ina zai mutu, alhali ba shukar da ta kai shi gata a harabar? Taki mafi kyau nasa ne, ruwan farko nasa ne. Amma bishiyar da saiwarta ba ta taɓa ƙasa ba, ina za ta? Gindin ya yi kauri ya murɗe, tsawon ya tsaya a ƙirjin mutum. Duk shekara ya yi fure, furen ya zube. Baba Lambu ya ɗaure allon sunan Mai Walda a jikin duron da waya. In ba kowa, yakan tsuguna a gabansa ya ce, "Ka yi haƙuri, mutumina. Bana zan san yadda na yi." Wani lokaci har yakan ji kamar za a ce masa, Yaya, yau ma an tashi gawar?

'Yar da aka goyo ranar dashe ta girma. Sunan mahaifiyar su Auta aka sa mata, don haka Baba Lambu "Mamana" yake ce mata. Yarinya ce mai kai, ta gama firamare ta fi kowa a makarantarsu. Sashen Madam na da tallafin karatu ga 'ya'yan unguwa da na ma'aikata, sai ga sunanta a ciki, ita ce ma ta farko. Aka ce za a yi taron a harabar kamfani, kowane yaro ya zo da mahaifi ko mahaifiya. Kuma wadda ta zo ta farko ita za ta dasa bishiya.

Auta ta tare shi tun daga ƙofar gida, ba ko mayafi sosai. "Yaya, zan gan ta! Zan zauna a inuwarta!" Rabon da ya ga ta yi murna haka tun mijinta na da rai. Ta ɗinka wa kanta sabuwar atamfa, ta ɗinka wa 'yar.

Ya zauna a tabarma, ta kawo masa ruwa. Ya buɗe baki zai faɗa, Allah ya sani ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Kin san tuntuni aka mayar da ita baya, wajen direbobi. Saboda bututu."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Mantuwa ce. Tsufa."

"To ba komai, ka kai ni bayan."

Ya tsara abinsa. In an gama taro zai ce mata yau an rufe baya, ba a barin baƙi, dokar injiniyoyi ce. Za ta ji ba daɗi, amma za ta koma gida da bishiyarta a tsaye.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, Madam ta sha koren leshi. An yi jawabi a kan muhalli da manyan gobe, an tafa. Baba Lambu ya zura dashen lemo a rami, ya rufe bakin duron da ƙasa, ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Aka kira yarinyar, aka miƙa mata shebur mai ƙyalli. Ta dubi uwarta, sannan ta jingine shi ta durƙusa ta sa hannu. An ba ta labari, ashe, tun tana ƙarama ake ba ta. Ta danna ƙasar da tafi, ta ɗago ta yi wa kawunta murmushi. Ya ji kamar a tsaga ƙasa ya shige.

Aka kira kowa ciki cin abinci. Rumfa ta watse, ƙofar gilashi ta rufe, harabar ta yi tsit sai ƙarar wutar gas daga nesa. Rana ta take, ganyen lemon ya fara laushi.

Ka san hannun da ya yi shekara da shekaru yana abu ɗaya ba ya jiran izinin mai shi. Baba Lambu na can yana maimaita ƙaryar da zai yi, an rufe baya, dokar injiniyoyi ce, hannunsa kuwa ya riga ya cire allon, ya kwashe ƙasar gefe, ya kama bakin leda ya zaro dashen. Bai ma san ya yi ba sai da ya miƙe da shi a ƙirji.

"Yaya, ina za ka kai ta?"

Auta ce. Ba ta shiga ba, ko kuma ta shiga ta fito, don ba abinci ya kawo ta ba. Tana tsaye a gefen ciyawa, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu don kada ta ɓata masa aiki.

Ƙasa na zuba daga ledar a kan kakinsa. Ta matso a hankali ta leƙa ramin. Ga bakin duro a fili, ya yi tsatsa, ga ƙasan ƙarfe. Ta daɗe tana kallo. Ta dubi ƙofar gilashin, ta dubi tambarin, ta sake duban ramin, kamar mai auna inda ta taɓa durƙusawa.

"Nan ne," in ji ta. "Nan na dasa."

"Nan ne."

"Haka ake yi?"

"Haka ake yi, Auta."

Darbejiyar direbobi na can hagu, ana hango kanta. An rufe baya, dokar injiniyoyi ce, maganar na kan harshensa a shirye. Amma ya dubi takalman da ke hannunta, sai ya ji ba zai iya ba. Ya ce, "Zo." Ya yi dama, ta bi shi.

Bayan sito wuri ne matsattse, tsakanin bango da katanga, ga tsofaffin tiyo da buhunan taki. Ga duron a kusurwa. Ba ta tambaya ba, ta ga allon. Ta ajiye takalman, ta sa yatsa ta bi sunan mijinta harafi harafi. Sannan ta shafa gindin mangwaron, ta murza ganye ɗaya ta sansana. Ganyen kore ne shar, ba ko tabo, kowa ya gani ya san an kula da shi.

Sai ta tattara sabuwar atamfarta ta zauna a ƙasa, a gindin duron. Ta matsa, ta ƙara matsawa har kafaɗarta ta taɓa ƙarfen. Inuwar ta rufe mata gwiwa ɗaya, sauran jikinta duk a rana.

"Direbobin fa?"

"Wata bishiyar ce. Darbejiya."

"Mai barcin da aka tafi aka bari?"

"A can ne."

"Mangwaron da nake rabawa?"

"Kasuwa."

Ya so ta yi ihu. Ya so ta zage shi, ta ce ya cuce ta, ta kira shi da sunan da ba ta taɓa kiransa ba. Da ya fi masa sauƙi. Auta ba ta yi ko ɗaya ba. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba, tana ta kallon 'yar inuwar da ke kan gwiwarta. Daga cikin ginin ana jin tafi, ana kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya.

"Tumɓukewar ba laifinka ba ne, Yaya," in ji ta daga ƙarshe. "Aikinka ne, aka sa ka. Mangwaron kasuwa ma sadaka ce, Allah ya karɓa." Ta ja numfashi. "Amma ranar da na ce zan dasa masa wata a ƙofar gida, da ka bar ni. Da yanzu ana zama a ƙarƙashinta."

Baba Lambu na tsaye a rana, lemon Mamansa rungume a ƙirjinsa. Ya duba gabas ya duba yamma, ya rasa inda zai ajiye shi.